MAIGIDA YANA BAKIN DAGA: YADDA MATAR SOJA KE RIƘE GIDA A ƘASAR GWANDU

Daga Wakilinmu

Ran 15 ga watan Janairun kowace shekara akan taru a Abuja da manyan biranen jihohi, har da Birnin Kebbi, domin tunawa da mazan jiya. An zaɓi wannan rana ne saboda a cikinta aka kawo ƙarshen yaƙin basasar Nijeriya a shekarar 1970. Akan yi fareti, a ajiye furanni, a saki fararen tantabaru, manya su yi jawabi game da waɗanda suka kwanta dama da waɗanda ke bakin daga, sa'an nan kowa ya watse. A cikin jawaban nan akan ambaci matan da mazansu suka rasu. Wadda ba a cika tunawa da ita ba ita ce wadda mijinta yake da rai, amma rabonta da shi wata goma ko shekara biyu, watau ita ba bazawara ba, kuma ba ta da miji a ɗaka.

Irin waɗannan mata suna nan a garuruwan ƙasar Gwandu da Kalgo, kamar Cheberu da Kambaza da Dalijan da Gulmare. Mazansu soja ne, ko 'yan sandan kwantar da tarzoma, ko ma'aikatan kwastan da na shige da fice, waɗanda aiki ya jefa su inda ba a tafiya da iyali. Wannan ƙasa kuwa ba baƙuwar aikin ɗamara ba ce. Mai Martaba Sarkin Gwandu Alhaji Muhammadu Iliyasu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 2005, tsohon soja ne da ya kai muƙamin Manjo Janar, kuma ga barikin Dukku nan a Birnin Kebbi, ga na Zuru, ga na Giginya a Sakkwato.

Zaman jiran miji ma ya daɗe a nan. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka Gwandu da jama'arsa a 1805, a shekarar ce aka gwabza yaƙin Alwasa, inda aka yi hasarar mazaje masu yawa, har abokan gāba suka matso garin Gwandu kansa. Mata da yara suna cikin gari suna jiran labari, cikinsu har da Nana Asma'u, wadda a lokacin ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Ita ce daga baya ta auri Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mutumin da bai cika zama gida ba saboda hidimar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da matan karkara. A zamanin Turawa aka ɗebi samari zuwa yaƙin Hitila, aka kai su ƙasar Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, yawancinsu ba su ga gida ba sai 1946. Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar maraba. Aka zo yaƙin basasa daga 1967, sojan Nijeriya ya tashi daga kimanin dubu goma zuwa wajen dubu ɗari biyu da hamsin. Aka je Laberiya a watan Agustan 1990 da rundunar ECOMOG, aka je Saliyo, aka je Darfur. Daga 2009 kuma rikicin Boko Haram ya riƙe dubban sojoji a Barno da Yobe, kana ga na 'yan bindiga a Zamfara da Sakkwato da kudancin Kebbi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yaƙe-yaƙe ya bar mata a tsakar gida.

DAGA ASUBA ZUWA LISHA

Ranar matar soja a ƙauye tana farawa kamar ta kowace mace. Ta tashi da kiran assalatu, ta yi salla, ta hura wuta, ta ɗumama tuwon jiya ko ta dama kunu, ta tashi yara su tafi makarantar allo kafin a buga ƙararrawar firamare. Bambancin yana fitowa ne da hantsi, lokacin da a sauran gidaje maigida ke buɗe rumbu ya ba da awo, ya ajiye kuɗin cefane, ya fita. A gidanta babu mai yin haka. Ko dai makullin rumbu yana hannunta, ita za ta lissafa damman geron da suka rage da watannin da ke tsakaninta da kaka, ko kuwa yana hannun uban miji ko ƙanen miji, sai ta aika yaro ya karɓo. Wanda bai san ƙauye ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne, alhali kuwa kusan duk zaman lafiyar gidan ko rashinsa a kan makullin nan yake rataye.

Daga nan sai surfe da wanki da aika niƙa wurin inji. Ruwa kuma, in babu rijiya a gida, sai yara ko 'yan ga-ruwa, domin matar aure mai ƙuruciya a wannan ƙasa ba ta cika fita da rana ba, balle wadda idon gari ke kanta. Itace da kara sai an saya ko an roƙi wani ya ɗauko daga gona. Duk aiken da maigida zai yi a kan hanyarsa ta zuwa kasuwa ba tare da ya lura ya yi aiki ba, a wurinta ya zama bukata da sai ta nemi wanda zai yi, kuma kowace bukata tana da farashi, ko na kuɗi ko na godiya. Masu iya magana sun ce roƙo ba ya da daɗi ko da na hanya ne, to ita tana yinsa sau biyar kafin azahar.

Ba ta zauna hannu rabbana ba. Tun a shekarun 1960 wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta yadda matan kulle ke gudanar da ciniki mai yawa daga cikin gida ta hannun yara, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Abin da ta gani yana nan har gobe. Matar soja tana soya ƙuli-ƙuli ta matse man gyaɗa, ko ta yi daddawa, ko fura, ko ta sari shanshera ta turara ta shanya ta kai inji ta sayar da mudu-mudu, musamman tun da noman shinkafa ya bunƙasa a jihar bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015. Wata takan sayi albasa lokacin da ta yi araha a kasuwannin yankin Aliero, ta adana sai ta yi tsada. Ga akuya biyu ko tunkiya a turke, su ne asusunta na ranar tsiya. Ga adashi na mako-mako. Daga cikin waɗannan ne ake sayen sabulu da omo da littafin makaranta a watan da albashi ya makara, kuma sau da yawa maigidan bai san an yi ba.

Damina ita ce lokacin da rashin namiji ya fi fitowa fili. Gonar maigida ba ta jiran hutunsa. Sai an sami wanda zai yi sharar gona da shuka, a biya 'yan ƙwadago noman fari da maimai, a sayi taki a kan kari. In 'yan'uwan miji masu zumunci ne sukan haɗa gonarsa da tasu, in kaka ta yi su kawo masa rabonsa. In ba haka ba, sai su fara gama tasu tukuna, tasa kuwa ciyawa ta cinye, ko a ba da ita aro, abin da aka kawo a ce Allah ya yi albarka. Haka nan yaɓen ɗaki kafin ruwa ya sauka, da gyaran indararo, da katangar da ta zube cikin watan Agusta. A shekarar 2020, da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi ta rushe gidaje, matan da mazansu ba sa nan su ne suka tsaya a kan tarkace suna yanke shawarar da ba su saba yankewa ba.

Sa'an nan ga dare. Cikin damina zazzaɓin cizon sauro yakan kama yara, kuma ya fi son tsakar dare. Mai miji a gida sai ta tashe shi ya nemo babur. Ita kuwa sai ta ƙwanƙwasa ƙofar uwar miji tana cewa Inna ki taso, a tashi ƙanen miji, a nemi mai babur, a nemi kuɗin mai, in abin ya fi ƙarfin ɗakin shan magani na kusa a nufi Gwandu, ko ma asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Haihuwa ma haka take. Yara da yawa a gidajen soja kakansu ne ya yi musu huɗuba ya raɗa musu suna, uban ya aiko da kuɗin rago, ya ga ɗansa a hoton waya, bai ɗauke shi ba sai yana rarrafe.

KATIN ALBASHI A HANNUN WA?

A zamanin yaƙin Bama da na basasa soja yakan sa a yanke wani kaso na albashinsa a riƙa biyan iyalinsa, ko ya aiko da kuɗi ta gidan waya, ko ta hannun abokin aiki mai zuwa hutu. Yau albashi yana faɗawa banki, kuma a ƙauyen da babu reshen banki sai a je wurin masu na'urar POS, su cire ladansu su ba da saura. Wannan ci gaba ne babu shakka, amma ya zo da tasa rigimar. Wa ake tura wa kuɗin? Soja da yawa, saboda biyayya ga iyaye ko saboda matar ba ta da asusu ko katin shaida, sukan tura wa uba ko wa ko ƙane, shi ya raba. In mutumin kirki ne, madalla. In kuwa mai son zuciya ne, sai matar ta riƙa karɓar abin da aka ga dama, ba ta san nawa aka aiko ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta tambaya ba. In ta faɗa wa miji a waya, an ce tana haɗa shi da danginsa. In ta yi shiru, yara su kwana da yunwa.

A farkon 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, matan nan sun ga tasku, domin kuɗin yana cikin asusu amma mai kayan miya ba ya karɓar lamba. Ba a gama farfaɗowa ba aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu na wannan shekara, kuɗin mota da na masara da na magani suka yi tashin gwauron zabo. Albashin ƙaramin soja kuwa gida biyu yake ci, domin shi ma can inda yake yana da bukatunsa, ga iyaye, ga ƙanne 'yan makaranta, ga masu ganin duk mai kaki attajiri ne.

A nan ya kamata a kwatanta ta da takwararta ta bariki. Matar da ke zaune a bariki tana da ɗaki na hukuma, da asibitin soja, da makarantar yara, da kasuwar mami inda za ta kasa kaya. Tana da Magajiya, watau shugabar matan bariki, wadda ke kai kukansu gaban kwamanda. Akwai ƙungiyar matan hafsoshi ta NAOWA, wadda ta yi suna sosai a lokacin da marigayiya Maryam Babangida ta shugabance ta, akwai kuma ta matan ƙananan sojoji. In labari ya zo daga bakin daga, a bariki ake fara jinsa. Har ma sukan iya haɗa kai su ɗaga murya, kamar yadda matan barikin Giwa a Maiduguri suka yi a watan Agustan 2014, suka tare ƙofa suna cewa ba za a tafi da mazansu Gwoza ba sai da isassun makamai. Matar da aka bari a Cheberu ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tana da dangi da maƙwabta da abokan biki, kuma wannan gata ne da ta bariki ba ta da shi, amma a littafin hukuma kusan ba a san da zamanta ba.

Hanyar jin labari ta sauya ƙwarai. Dā sai wasiƙa, da boko ko da ajami, a kai wa malamin makaranta ya karanta a gaban uban miji, saboda haka babu abin da miji zai iya faɗa wa matarsa wanda gida duka bai ji ba. Ita kuma ba ta ko kama sunansa, balle ta nuna ɗoki. Akan kasa kunne ga shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ko a ji gaisuwa. Daga baya aka shiga aiko da murya a kaset. Tun da wayar salula ta shigo a 2001 mace ta sami abin da kakarta ba ta taɓa samu ba, watau magana da miji ita kaɗai, har neman izinin zuwa unguwa ma ta waya ake yi. Sai dai wayar ta kawo sabon ciwo. Wadda ta saba jiran wasiƙa wata uku ba ta damuwa da shirun mako guda. Wadda ta saba jin murya kullum, in aka kwana uku waya ba ta shiga, abinci ba ya ciyuwa. A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa, an rufe layukan waya na tsawon lokaci, haka kuma aka yi a Zamfara a watan Satumban 2021. Ga hotuna da jita-jita da ke yawo a Facebook da WhatsApp bayan kowane hari, tun kafin hukuma ta ce uffan. Akwai matan da a nan suka fara ganin abin da ya kamata a ce mutum ne ya zo ya zauna ya faɗa musu da lallashi.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa, amma kowa ya san shi, watau bakin mutane. In ta yi kwalliya a ce don wa, in ta ƙi yi a ce ba a kula da ita. In ɗan'uwanta na nesa ya zo gaisuwa sau biyu, magana ta tashi. Aure da yawa ba yunwa ce ta kashe shi ba, wayar wani magulmaci ce zuwa ga mutumin da ke cikin rami a daji, wanda ba ya da halin zuwa ya gani da idonsa.

ABIN DA SHARI'A TA TANADA

Musulunci bai bar wannan al'amari haka kawai ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yana zagayen dare a Madina ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta da ya tafi yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar haƙurin mace, daga nan ya hana a riƙe mayaƙi nesa da iyalinsa fiye da wata huɗu, a wata ruwayar wata shida. Ɗalibai masu karatun mulki sai su lura cewa wannan doka ce ta juya ma'aikata, an kafa ta tun ƙarni na bakwai. A rikicin arewa maso gabas kuwa an sha jin koke-koken sojojin da suka shekara uku, huɗu, har fiye, ba a canza su ba, kuma shugabannin soja da kansu sun sha alkawarin gyara wannan.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, ci da sha da tufafi da wurin kwana suna kan miji ko yana nan ko ba ya nan, kuma in suka yanke mace tana da damar kai ƙara gaban alƙali. In kuwa miji ya ɓace, ba a san yana raye ko ya mutu ba, littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda kowane almajirin zaure ya sani, ya ce a ɗibar mata shekara huɗu daga ranar da ta kai maganar gaban hukuma aka bincika, sa'an nan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Malamai sun yi wa wanda ya ɓace a fagen fama bayani na dabam, saboda haka alƙali ne zai duba. Abin lura shi ne lissafin yana farawa ne daga ranar kai ƙara. Matar da kunya ko tsoron surukai ya hana ta zuwa kotu tana iya shekara biyar tana jira, a idon shari'a kuwa ko kwana ɗaya ba ta fara ƙirgawa ba.

Sai batun takardar magaji. Duk wanda ya shiga soja, tun daga makarantar horon kurata ta Zariya wadda aka kafa a 1924, yakan rubuta sunan wanda za a nema in wani abu ya same shi. Yaro ɗan shekara ashirin, ba aure, sai ya rubuta ubansa ko wansa, kuma daidai ne. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu, takardar tana nan yadda take. Ranar da ta Allah ta kasance, wancan sunan hukuma za ta nema, shi zai yi zirga-zirgar Hukumar Fansho ta Soja a Abuja, kuma ta hannunsa hakkin zai fito. Shari'a ta ba matar tumuni, watau ɗaya bisa takwas in akwai 'ya'ya, ko rubu'i in babu, ta kuma ba 'ya'ya da iyaye nasu rabon, domin rubuta sunan mutum a takarda bai mai da shi mai dukiya ba. Amma kafin a kai ga rabo sai wanda ya karɓa ya faɗi gaskiyar abin da ya karɓa.

A ganina gyaran wannan bai fi ƙarfinmu ba, kuma ba sai an jira Abuja ba. Sakatariyar ƙaramar hukumar Gwandu da ta Kalgo suna da sashen jin daɗin jama'a, hakimai da dagatai sun san kowane gida, ƙungiyar tsofaffin sojoji tana da reshe a jiha. Me zai hana a buɗe rajistar iyalan ma'aikatan ɗamara da ke zaune a ƙauyuka, a taimaka wa matan su yi katin ɗan ƙasa su buɗe asusu da sunansu, a tabbatar kowane aure yana da takardar shaida daga kotu, kowane yaro yana da takardar haihuwa? Limamai kuma su riƙa tuna wa samarin da suka zo hutu su sabunta takardar magaji. Ma'aikatan gwamnati masu karanta wannan shafi kada su ce zancen soja ne kawai, domin malamin makarantar da aka canza zuwa Yawuri da ma'aikacin lafiyar da aka tura Kamba su ma sun bar wata a gida, kuma da yawansu rabonsu da duba fayil ɗinsu tun ranar da aka ɗauke su aiki.

Hutu in ya samu ba ya da yawa. Daga Maiduguri zuwa Birnin Kebbi tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, ta Kano da Gusau da Sakkwato, a kan hanyar da ita ma ba ta da tabbas, saboda haka wanda aka ba mako biyu ya san kwana huɗu na mota ne. Ranar da ya iso gida yakan cika da masu sannu da zuwa, kwana biyu na farko na dangi ne da abokai da masu bukata. Ƙaramin yaro yakan ɓuya bayan uwarsa don bai gane baƙon ba. Waɗansu mazan sukan dawo da halin da ba a san su da shi ba, ba sa barci, ƙarar faɗuwar kwano tana firgita su, faɗa ba dalili, matar kuma ba ta da wanda za ta tambaya ko wannan ciwo ne mai magani, alhali kuwa likitocin ƙwaƙwalwa sun san shi, suna kuma yi masa magani. Sai dare ya yi, gida ya yi shiru, sa'an nan za ta kawo masa lissafi: damman da suka rage a rumbu, bashin mai taki, akuyar da aka sayar ranar da aka kwantar da yaro a asibiti, da kuɗin makarantar da za a nema kafin ya sake dawowa.